Littattafan Malam Ya'u Majigi

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina zaune a rumfata a bakin kasuwar Makarfi, na buɗe bayan wata waya ke nan ina neman inda ruwa ya shiga, sai ga kira daga Gubuchi. Mai kiran ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce, "Bashari, Malam Ya'u ya cika. Ƙarfe goma za a kai shi."

Na ce wane Malam Ya'un. Kamar muna da biyu.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Wayar mutumin nan tana can a buɗe a kan tebur yadda na bar ta. Mai ita ya yi haƙuri, gobe ya zo.

Rubutun nan zai yi tsawo, kuma ba mai daɗi ba ne. Wanda ya zo neman hoton mamaci da alamar hawaye a ƙasa ya gangara gaba, akwai su da yawa yau. Na gan su. Na ga har na wanda ya taɓa kiran Malam tsohon banza a gabana, a majalisar mai shayi, yau ya rubuta wai mun yi rashin uba. Uban wa? Ka goge, ko in sa sunanka.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ya'u tsohon malamin gona ne. A zamanin aikinsa shi ke yawo da majigi ƙauye-ƙauye, Gubuchi, Paki, Saulawa, har cikin ƙasar Kudan, a kafa farin ƙyalle a jikin bango a nuna wa manoma yadda ake zuba taki da yadda ake feshi. Daga nan sunan ya bi shi. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka ya rabu da harkar. Sai ya sayar da ɗan maraƙinsa ya sayo ƙaramin majigi na zamani, da wata tsohuwar laftof da ba ta tsayuwa sai an tokare bayanta da bulo.

Kowace Asabar, da an idar da la'asar, yakan saki labulen da ya ɗinka da buhunan taki a ƙofofin zaurensa biyu, zaure ya yi duhu, ya tayar da janareto. Ba ya karɓar komai. Mai ɗan fetur ya zo da shi a gora, marar shi ya zo da idonsa.

Ba irin fim ɗin da nake tura muku a memori ba ne. Na san abin da nake sayarwa, kada wani ya tuna mini. Mutum ɗaya ya doke arba'in, mota ta tashi sama ta diro ba ko ƙwarzane, mai fassara yana ta cusa barkwancin da babu shi a bakin 'yan wasan. Da wannan nake ci. Na Malam daban ne. Fina-finai ne daga ƙasashen da wasunku ba za su iya nunawa a taswira ba, inda za a yi minti biyar ba wanda ya ce uffan, kamara tana bin ƙeyar wani mutum yana tafiya kawai.

Ranar farko rakiyar aboki na yi. Ban kai minti ashirin ba na miƙe na ce, "Malam, fim ɗin nan ya maƙale ne ko haka yake?"

Ya ce, "Haka yake. Zauna."

Na ce ai ba abin da ke faruwa.

Ya ce, "Matar can ta zuba abinci a kwano uku, su biyu ne a gidan. Kai kuma ka ce ba abin da ke faruwa."

Na zauna. Shekara shida ke nan.

Dokarsa biyu ce. Ta farko, ba a zagin fim sai sunayen ƙarshe sun gama wucewa. Yakan ce, "Mutum ɗari sun sha rana a kan abin nan. Ka bari a gama kiran sunansu, sannan ka zage su." Ta biyu, kafin a watse kowa sai ya faɗi abu ɗaya da ya gani. Ba abin da ya ji a ransa ba. Abin da idonsa ya gani.

Akwai Baba Ɗanlami, manomin rake, ɗan shekara saba'in da wani abu, ko baƙi ɗaya bai sani ba, amma bai taɓa fashin Asabar ba. Wata rana muka kalli wani na mutanen Turkiyya, labarin manomin da gonarsa ke neman kuɓuce masa. Da aka zo kansa ya ce, "Malam, mutumin nan ƙarya yake, bai taɓa noma ba. Dubi riƙon da ya yi wa fartanya, kamar mai shara. Kuma ya wuni a gona ya dawo gwiwar wandonsa tas." Malam ya mayar da fim baya sau uku muna kallo. Sannan ya ce, "Ɗanlami ya fi wanda ya shirya fim ɗin gani." Baba Ɗanlami ya yi mako guda yana ba da labarin nan a kasuwa.

Ku da kuka yaɗa cewa batsa yake nuna wa matasa, ku matso, da ku nake. Ko sau ɗaya wani cikinku ya ɗaga buhun nan ya leƙa? Kowane fim sai Malam ya kalle shi shi kaɗai tukuna, ya rubuta mintin da bai dace ba a tafin hannunsa da biro. Idan an zo wurin sai ya cire hularsa ya kifa a bakin majigi, ya kashe murya, bango ya yi duhu, ya ce, "A nan sun gaisa."

Idan hular ta daɗe, Baba Ɗanlami ya ce, "Malam, gaisuwar nan ta yi tsawo."

Ya ce, "Sun daɗe ba su haɗu ba."

Wayoyin 'ya'yanku kuwa ni nake gyara su. Na san abin da ke ciki. Ba hular da ake kifawa a can. Ku yi mini shiru.

Kuma ba a taɓa kiran magariba majigin Malam yana kunne ba. Ko saura minti uku a ga ƙarshe, da ladan ya ɗaga murya sai ya danna, ya ce, "Su jira mu."

Ni a aji huɗu na bar firamare. Baƙin allo na iya shi, amma boko sai da ƙyar nake haɗa sunana. Fina-finan Malam kuwa ba fassarar baki gare su ba, rubutun Turanci ne ke gudu a ƙasa, shi yana juya mana da Hausa. Wata rana ya lura leɓena yana motsi ina ƙoƙarin bin rubutun. Bai ce komai a gaban mutane ba. Da Asabar ta zagayo ya aiko in zo tun azahar. Ya kunna, layi ɗaya ya fito, ya tsayar. Ya ce, "Karanta." Na yi ta tuntuɓe. Ya jira. Ya saki, wani layin ya fito, ya sake tsayarwa. Fim ɗin awa biyu sai da muka yi wata biyu a kansa.

Ya ba ni wani ƙamus marar bango wanda ya fara daga harafin C. Har yau kalmomin da suka fara da A da B su ne raunina.

Daga nan ban sake barin takarda ta wuce ni ba. Jaridar da aka naɗo tsire, takardar cikin kwalin waya, littattafan gwanjo na Zariya masu warin ruwa. Idan na ce shi ya koya mini karatu sai ya ɓata rai. "Ni tsayar da fim kawai na yi. Kai ka karanta."

Sau ɗaya ya roƙe ni abu. Ya ce in sa masa wani sharhinsa a irin zaurukan nan na intanet na masu maganar fim na birni, ya ji me za su ce. Na buga shi tsaf na sa. Kun san kanku, masu jera sunayen daraktoci da Turancin da ku ma ba ku gane shi ba. Mutum ɗaya ne ya tanka. Ya rubuta, "Baba a koma gona." Malam ya tambaye ni sau biyu ko an ce wani abu. Na ce masa netiwok ne ba kyau. Wannan ƙaryar ba na nadamarta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ita ce Asabar ɗin da ta wuce, kuma ban yi abin kirki ba.

Ƙafafunsa sun kumbura, da ƙyar ya iya sunkuyawa ya ja igiyar janareto, ni na ja masa. Ya sa mana wani na Kudancin Amurka, direban babbar mota ya tarar gada ta karye, ya zauna yana jira a gyara. Shi ke nan fim ɗin. Yana jira, yana cin busasshen burodi, yana kallon ruwa. Ni kuma raina a ɓace yake tun daga kasuwa. Sunaye ba su ko fara ba na miƙe na ce wannan raini ne, wanda ya yi shi bai da aikin yi, mu da muka zauna mun fi shi rashin aikin yi.

Malam ya dube ni a cikin ɗan hasken nan ya ce, "Bashari, kai ba fim kake ƙi ba. Jira kake ƙi."

Na ɗaga buhu na fita. Ko sai an jima ban ce masa ba.

Wannan tsakanina da Allah ne. Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutun.

Mun kai shi ƙarfe goma da 'yan mintuna. Jama'a ta taru ba laifi. Aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mai karɓar gaisuwa shi ne ƙaninsa, Alhaji Mudi, dillalin masara, wanda rabonsa da taka zauren nan tun ranar da majigi ya shiga cikinsa. Malam bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata suna gidajensu, don haka yau maganar gidan a bakin Alhaji take.

Akwai abin da ya kamata ku sani. Duk ranar Lahadi da hantsi Malam yakan zauna da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya rubuta abin da ya gani a fim ɗin jiya da abin da kowa ya faɗa. Da ajami yake rubutawa. Ya ce boko na ofis ne, abin da ke ransa hannunsa ya fi saurin kamo shi da ajami. Kuma Malam mutum ne da ko igiyar janareto ba ya ja sai da bisimilla, don haka kowane sharhi da sunan Allah yake buɗe shi a saman shafi.

Mutanen gida suna ganin baƙi da bisimilla, sai suka ɗauka littattafan addini ne. A akwatin ƙarfe ake ajiye su, can sama kusa da Alƙur'ani. Ba mai taɓawa ba alwala. Malam bai taɓa ce musu na addini ba ne. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Bayan azahar, jama'a ta cika, sai ga Alhaji Mudi ya fito rungume da akwatin. Ya dire shi a gaban Liman ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a ku zama shaida. An yi ta magana a kan ɗan'uwana, har ni na yi. To ga abin da yake yi a ɓoye. Littafi goma sha huɗu, duk rubutun malanta. Allah gafarta Malam, a ɗan karanto mana ko shafi ɗaya mu sami albarka."

Na dubi Baba Ɗanlami. Ya dubi ƙasa.

Liman ya sa tabarau, ya ɗauki na sama, ya buɗe tsakiya. Ya yi bisimilla, wuri ya yi tsit, wasu har sun ɗaga hannu. Ya ci gaba a hankali, da irin muryar da yake karatu da ita:

"Jiya Asabar mun kalli na mutanen Koriya. Tsohuwa ta wanke shinkafa sau uku a gabanmu, mai kamara bai gaji ba. Shinkafar ta fita tun wankin farko. Ƙofa take saurare. Bashari ya ce ɓata lokaci ne. Bashari yaro ne."

Wani tsoho daga can baya ya shafa ya ce amin.

Samari suka fara danne dariya. Ni ban yi dariya ba. Muryar Malam na ji ta fito daga bakin wani, awa uku bayan mun zuba masa ƙasa.

Fuskar Alhaji Mudi ta canza. Ya fizgi wani littafin ya miƙa wa Liman, aka buɗe, fim. Ya miƙa wani, fim. Ya tsaya yana huci, sannan ya ce a kawo ashana da kananzir. Ya ce an ɗora sunan Allah a kan labarin waɗanda ba su san Shi ba. Ya ce takarda mai sunan Allah ba a yar da ita a bola, ƙona ta ake a binne tokar, don haka duka goma sha huɗun za a ƙone yanzu, a raba ɗan'uwansa da abin da zai bi shi kabari.

Laftof da majigi ya riga ya kulle su a ɗaki, ya ce kayan gado ne. Ban damu da su ba. Fim ana sake samunsa. Abin da Malam ya gani a cikin fim, a littattafan nan kaɗai yake, duk duniya.

Na miƙe. Na san ba a yin haka a zaman makoki, kuma na san sa'an ubana ne. Na ce, "Alhaji, minti biyar da suka wuce littattafan nan albarka ne. Ba abin da ya canza a cikinsu. Kunya ce ta kama ka a gaban mutane, ba tsoron Allah ba."

Aka yi caa a kaina. Kai yaro, kai marar kunya, a fitar da shi.

Alhaji ya ce, "Ɗan gidan wa ne wannan? Au, mai tura wa yara shirme a waya. Kai ne za ka koya mini addini?"

Wannan ta same ni, don gaskiya ce. Amma na ce, "Ni shirme nake turawa, shi ya sa na san wannan ba shirme ba ne. Shekara nawa kana wuce zauren nan kana toshe hanci? Yana ciwo wa ke kai shi asibitin Makarfi a kan babur? Yau ka zo kana masa gatan ashana."

Duk wannan hayaniya Liman bai ɗago ba, yana ta juya shafi. Can ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ni dai ban ga saɓo a nan ba. Na ga mutum yana kallo yana tunani. Har ga inda ya rubuta cewa ya ga mutanen Senegal suna sahu a fim ya yi hawaye."

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, gidanmu ne."

Sai muka ji murya daga bayan labulen buhu na cikin zaure. Gwaggo Asabe ce, matar Malam. Ta shiga takaba, ba ta fitowa. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "Alhaji, a ba yaron nan. Shekara arba'in ina share ƙarƙashin akwatin nan. In ba na addini ba ne, na mijina ne."

Alhaji ya dubi labulen. Ba zai iya musu da mai takaba a gaban jama'a ba, kuma ba zai iya janyewa ba. Sai ya samo hanya. Ya ce littattafan ba za su bar gidan da sunan Allah a kansu ba, a kai su rumfar da ake kunna kiɗa. In ina so, in yanke bisimillar daga kowane shafi, su ƙone wannan da mutunci. "Sauran shara ce, ya kwashe. Amma da an kira magariba, wanda bai yanku ba wuta zai shiga yadda yake."

Ya ɗauka zan ƙi.

Na dubi Liman. Ya ce, "Ba dole ba ne a shari'a. Amma in shi zai kawo zaman lafiya, a yi." Allah gafarta Malam, ina girmama ka, kuma ka faɗi gaskiya a farko. Amma ka san daidai ka sayar da rabinta don kada a tashi taro. Wannan zaman lafiyar a jikin littattafan Malam aka yanke ta.

Na sayo reza a teburin ƙofar masallaci. Na yi alwala. Na shiga zaure na zauna a inda nake zama kowace Asabar. Na ciro waya in ɗauki hoton shafukan tukuna, Alhaji ya miƙo hannu ya ce, "Kawo ta nan. Ba za ka zuba sunan Allah cikin tarkacen da ke wayar nan ba." Ya sa ta a aljihu, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa da tsohon kwano a gabansa.

Na yanki na farko. Da na juya ɗan zirin takardar sai na ga rubutu a bayansa.

Malam ba ya ɓarnar takarda. Gaba da baya yake rubutu, tun daga can saman shafi. Duk bisimillar da na yanke, a bayanta akwai layi guda na maganarsa.

Na ce, "Alhaji, akwai rubutu a baya."

Ya ce, "Ba ni na rubuta ba."

Na ari biro na fara kwafe layin baya kafin in yanka. Littafi biyu na yi haka, aka kira la'asar. Da muka dawo daga masallaci na dubi inuwa na dubi tulin da ya rage. Goma sha biyu. In na ci gaba da kwafa, fiye da rabi za su shiga wuta. Na ajiye biron.

Ban san ko kun taɓa yanke abu kuna kau da ido don kada ku karanta ba. In na karanta zan tsaya.

Baba Ɗanlami ya shigo ba sallama, ya zauna kusa da ni, ya ɓalle rezar gida biyu ya ɗauki rabi. Ya ce, "Nuna mini inda sunan yake, ni ban san baƙi ba." Na nuna masa. Hannun da ya shekara sittin yana yankan irin rake ya fi nawa saiti. Zirinsa siriri yake fita, wani lokaci har rabin layin baya yana tsira. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni, "Maganata ta fartanya tana ciki?" Na ce tana ciki, Baba. Ya ce, "To."

Daga na sama muka fara, wato sababbi, muna gangarawa zuwa tsofaffi. Muna shafin ƙarshe na littafi na goma sha uku ladan ya ɗaga murya.

Saura ɗaya. Na farko. Wanda ya rubuta tun kafin in san hanyar zauren, a kan fina-finan da ban kalla tare da shi ba.

Na ce, "Alhaji, don girman Allah, minti goma bayan salla."

Ya ce, "Magana ɗaya na yi."

Ya ɗora littafin a kan zirin takardun cikin kwano, ya fita da shi bayan zaure. Da bisimilla ya ƙyasta ashanar. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ɗan'uwansa ne, na sani. Ban damu ba. Har yanzu ban damu ba.

Ya mayar mini da wayata ya ce, "Allah ya shirye ka." Na ce, "Mu duka."

Yanzu na iso gida da littafi goma sha uku a cikin buhu, kowanne samansa kamar ɓera ya ci. Na buɗe ɗaya. A ƙasan shafi Malam ya rubuta, "Abin da ya kamata yaranmu masu shirya fim su koya daga mutanen nan abu ɗaya ne, shi ne". Na juya. Rami. Layin da ke ƙasan ramin ya ce, "in ba haka ba sai dai a yi ta ihu a gaban kamara."

Ni na yanke shi. Da hannuna.

Don haka ga roƙona, kuma ba da masu alamar hawaye nake ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren nan ko sau ɗaya, daga Gubuchi ne, daga Ikara ne, ko kana Kaduna yanzu kana aiki, ka neme ni a rumfa. Zan karanta maka shafi har bakin ramin, ka faɗa mini abin da ka ji Malam ya ce ranar. Abin da mutum biyu suka yarda a kai zan rubuta shi da fensir, don a san ba hannunsa ba ne. Waɗanda suka zauna da shi a shekarar farko, ku ne littafin da ya ƙone. Ku zo tun kuna tunawa.

Ya Allah, ga bawanKa Ya'u ya zo gare Ka. Bai taɓa fara komai ba sai da sunanKa, har abin da mutane suka raina. Ka karɓe shi da rahamar da ke cikin sunan nan. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka masa shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba Gwaggo Asabe da 'ya'yansa haƙuri. Ka ƙara wa Baba Ɗanlami lafiya.

Wanda ya karanta har nan, kada ka rubuta mini komai a ƙasa sai ka fara yi masa addu'a da bakinka, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. In ka gama, ka sa ni ma a ciki. Ban yafe wa Alhaji Mudi ba, kuma jibi sai na koma gidan nan sadakar uku na durƙusa na gaishe shi. Ku roƙa mini Allah Ya riƙe mini harshena.